Yadda za ka hango tashar sararin samaniya daga Legas

Jama'a, kumbon Amurka da ake kira Space Shuttle dai tun Yulin 2011 ya yi ritaya, Atlantis ce ta yi tafiyar ƙarshe, ta 135 kenan tun 1981, dalili kuwa ga tsadar tsiya ga haɗarin kumbunan Challenger da Columbia da suka ci rayuka 14. Amma tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, da ya yi ta jigilar kayan gininta tana nan sama wajen kilomita 400, kuma wallahi da ido ake ganinta.

Sauke manhajar Spot the Station ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a wayarka, sa Legas, za ta faɗa maka lokaci da ɓangaren da tashar za ta ɓullo. Bayan magariba ne ko wajen asuba, lokacin ƙasa ta yi duhu amma rana na haska tashar. Hau saman bene, in an ɗauke wuta ma ya fi.

'Yan Agege ku kula fa, jiragen Ikeja za su ruɗe ku, jirgi fitilarsa ƙyaftawa take ita kuwa haske ne fari tas ba ƙara, ta ratsa sama cikin 'yan mintuna. Da damina kam hadari ne zai hana ka.