Yadda ake haɗa man itanol daga rogo

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dama kunun zaki ya riga ya ga rabin wannan aiki. Gasara ce mai kauri, a zuba mata niƙaƙƙen tsiron dawa, kafin gari ya waye ta tsinke ta yi zaƙi. Sitacin da ke cikinta ne ya koma sukari. Daga wannan sukarin ake samun itanol, man da ƙasar Birazil ta dogara da shi tun shirinta na samar da shi a 1975, bayan tashin farashin fetur na 1973. Su da rake suke yi, Amurka kuma da masara. Mu rogo ne ƙarfinmu, don babu ƙasar da ta kai Najeriya nomansa a duniya.

Tun farko a sani, wannan ba abin sha ba ne, mai ne na inji da murhu. Wanda zai yi shi a matsayin sana'a kuma sai ya nemi izinin hukuma.

A fara da ɗanyen rogo da aka tono cikin kwana biyu, domin yana saurin lalacewa. A fere, a wanke, a markaɗa ya yi laushi, sannan a dama da ruwa ya zama kamar kunu. Ruwan wankin rogo yana da guba, kada a bari ya gangara inda dabbobi ke sha.

Sai dafuwa. A ɗora kunun a wuta har zafinsa ya kai digiri 85 zuwa 90 a ma'aunin Salsiyas, a zuba sinadarin alfa-amiles wanda ke yanyanka sitaci. Nan take za ka ga kaurin ya karye. A bari ya huce zuwa digiri 60, a ƙara gulko-amiles, shi ne ke ƙarasa mayar da sitacin sukarin gulkos. Mai aiki da ruwan rake ko maɗi ba ya buƙatar wannan mataki, sukarinsa a shirye yake.

Idan ya sauko zuwa digiri 30, a juye a durom mai tsabta, a zuba yis irin na burodi, a rufe ruf. A huda murfin a saka tiyo, a nutsa ɗaya bakin cikin kwalbar ruwa, yadda iska za ta fita amma ta waje ba za ta shiga ba. A nan yis ke cinye gulkos, kowace ƙwayar gulkos ɗaya ya raba ta zuwa ƙwayar itanol biyu da ta iskar kabon dayoksaid biyu. A lissafi, kilo ɗaya na gulkos ba ya ba da abin da ya wuce giram 511 na itanol. Zafin bazara irin namu babban abokin gaba ne: idan durom ya haura digiri 35 yis zai raunana, don haka a ajiye shi a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Bayan kwana uku zuwa biyar kumfa zai daina fita. Abin da ke cikin durom a lokacin bai fi kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na itanol ba, sauran duk ruwa ne da tuƙa.

Raba su shi ne ainihin wahalar. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100. A tace, a zuba a rufaffiyar tukunya mai bututun jan ƙarfe da ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, a riƙa ba ta wuta sannu a hankali. Tururin da itanol ya fi yawa a cikinsa ne zai fara tashi, ya bi bututu, ya huce ya ɗiɗɗiga. Zagaye ɗaya ba ya isa, sai an maimaita, ko a yi amfani da doguwar hasumiyar tacewa irin ta masana'antu. Ina roƙon mai karatu ya ɗauki wannan da muhimmanci: tururin yana kama wuta, harshen wutar kuma da rana kusan ba a ganinsa. A yi aikin a fili, kuma kada a toshe bakin bututun ko na daƙiƙa ɗaya.

Ko sau nawa aka maimaita, ba za a wuce kashi 95 zuwa 96 ba, domin a nan itanol da ruwa suke tashi tare. Wannan ya isa murhun girki. Amma idan za a gauraya da fetur, ragowar ruwan zai sa man ya rabu gida biyu a tanki. Sai an bi da shi ta cikin tsakuwar ziyolait mai tsotse ruwa har ya haura kashi 99.

Daga nan a zuba masa ɗan fetur don kada wani ya sha, a adana a rufaffen mazubi saboda yana jan danshin iska. Haɗin da aka fi sani shi ne E10, wato lita ɗaya ta itanol cikin lita tara ta fetur, kuma yawancin motocin zamani suna ɗaukarsa. Tsofaffin babura da janareta kuwa a yi hattara, itanol yana cin robar tiyo da ta kafireto. Lita ɗaya ta itanol kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur take da shi, don haka a sa wannan a lissafi kafin a yanke farashi.