Yadda ake gyara meta tags don shafinka ya fito da kyau a Google

Idan ka nemi abu a Google, layin da kake latsawa da ƴan jimlolin da ke ƙarƙashinsa galibi daga wani rubutu ne da ke ɓoye a saman HTML na shafin, wato lambobin da aka gina shafin da su. Shi ake kira meta tags. Ba za su ɗauke ka daga shafi na biyar na sakamakon bincike su kai ka na farko ba, wannan aikin ingancin abin da ka rubuta ne da shafukan da ke nuno naka. Su dai kamar allon ƙofar shago suke: mai wucewa da su zai san ko ya shigo ko ya yi gaba.

Fara da wanda zai iya hana shafinka fitowa a Google gaba ɗaya. Buɗe shafinka a kwamfuta, danna Ctrl da U, rubutun HTML zai bayyana. Sai ka danna Ctrl da F ka nemi kalmar noindex. Idan ka same ta a layin robots, wanda ke ba injinan bincike umarni, to da bakinka ka ce wa Google kada ya nuna wannan shafin. Wannan na yawan faruwa a WordPress, manhajar gina shafukan intanet: mai gina shafi ya shiga Settings, sashen Reading, ya sa alama a akwatin da ke hana injinan bincike shiga har ya gama aiki, daga nan ya manta. Mai shafi kuma yana can yana ta zuba rubutu wata da watanni, shiru kake ji. Cire alamar tukuna kafin ka taɓa komai.

Daga nan sai take, wato title. A nan ya kamata ka zauna ka ɓata lokaci, don Google na la'akari da shi wajen gane abin da shafi ya ƙunsa, kuma shi ido ke fara gani. A ce kana sayar da turaren wuta a Maiduguri. Taken da ya ce "Barka da zuwa shafinmu" bai gaya wa kowa komai ba, ba kuma wanda zai rubuta hakan a akwatin bincike. "Turaren wuta da humra na Maiduguri, sari da ɗai-ɗai" ya fi, saboda ya ɗauko kalmomin da mai saye ke rubutawa ya sa su a gaba. Kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, in ba haka ba za a datse ƙarshensa. Kowane shafi da takensa. Idan na humra da na kasko duk take ɗaya suke ɗauke da shi, Google kan sake musu suna da kansa, kuma ba lallai zaɓinsa ya yi maka daɗi ba.

Sai bayanin da ke ƙasan take, description. Ba ya ƙara maka matsayi kai tsaye, amma shi ke jan hannun mutum ya latsa. Rubuta jimla biyu, haruffa 150 zuwa 160, ka faɗi abin da ke ciki da gaske: irin kayan, garuruwan da kake aikawa, yadda ake biya. Wani lokaci Google zai bar naka ya ciro wata jimla daga cikin shafin idan ya ga ta fi dacewa da tambayar mai bincike. A WordPress, ƙananan manhajojin da ake ƙarawa irin su Yoast SEO ko Rank Math za su ba ka gurbin rubuta take da bayani ƙarƙashin kowane rubutu. A Blogger kuwa, dandalin buɗe shafi na Google, sai ka kunna gurbin bayanin a Settings, sashen Meta tags.

Gurbin keywords, inda ake jera kalmomin bincike, ka tsallake shi. Tun watan Satumba na 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako. Duk wanda ya ce ka biya shi ya cika maka shi da kalmomi, kuɗinka kawai zai ci.

Akwai biyu da ake dubawa sau ɗaya a wuce. Layin charset ya zama UTF-8, in ba haka ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na iya rikiɗewa su koma alamomin da ba a karantawa. Layin viewport kuma shi ke sa shafi ya daidaita da allon waya, kuma fasalin waya Google ke dubawa yanzu wajen tantance shafi.

Tunda yawancin cinikinmu ta WhatsApp da Facebook yake bi, kada ka bar og:title, og:description da og:image. Su ke fito da hoto da take idan aka tura adireshin shafinka a guruf. Hoto mai faɗin 1200 da tsayin 630 ya wadatar.

Idan ka gama, shiga Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, kyauta ne, ka tabbatar shafin naka ne, ka liƙa adireshin da ka gyara a akwatin URL Inspection, ka danna Request Indexing. Canjin kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Bayan haka ka leƙa sashen Performance: shafin da ake yawan nunawa amma ba a latsa shi, takensa da bayaninsa za ka koma ka sake rubutawa.