Ga Ƙannenmu Masu Zuwa Amurka Koyon Tuƙin Jirgi

Sannunku da zuwa. Masauki ba abin damuwa ba ne, 'yan uwa suna nan. Takardu kuwa a kiyaye: bizar M-1, takardar I-20 daga makaranta, da izinin TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, bayan an ɗauki zanen yatsu. Kada wanda ya zube kuɗin makaranta gaba ɗaya, a riƙa biya kashi-kashi.

Abin da ya fi damun mu shi ne gaggawarku. Yaro ya zo, ɗokin hoto cikin farar riga ya hana shi tambayar abin da zai yi in inji ya mutu yana tashi. Galibi ba mutuwar injin ke kisa ba, abin da matuƙi ya yi cikin daƙiƙun farko ne.

Tun a ƙasa ake farawa. Ka tsiyayi mai a ɗan kofi daga ƙarƙashin kowane fiffike, ka ɗaga shi a haske. Man jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa kwanciya yake a gindin kofin kamar ƙwayar tsakiya. Ka leƙa tanki da idonka, kada ka dogara da allurar ma'aunin mai. Ka gwada maganeto biyun, wato na'urorin da ke ba fulogogin inji wuta, ɗaya bayan ɗaya.

In injin Cessna 172S, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ya ɗauke kana ƙafa ɗari uku a sama, tura hancin jirgin ƙasa nan take, ka riƙe gudun not 70 (not ma'aunin gudun jirgi ne), ka sauka a filin da ke gabanka, ko ɗan dama ko ɗan hagu. Zuciya za ta ce ka juya titin da ka baro. Kada ka saurare ta. Juyawa tana cin tsawo, matuƙi ya ga ƙasa na matsowa ya ja hanci sama, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, jirgi ya murɗa ya kife. Karkata ta digiri 60 tana ƙara gudun da fiffike ke buƙata da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Masu shirin hawa mai inji biyu, ku karanta rahoton hatsarin jirgin kamfanin TransAsia a birnin Taipei na Taiwan, 4 ga Fabrairu 2015. Injin dama ya daina ja bayan tashi, matuƙi ya kashe na hagu mai lafiya, jirgin ya faɗa kogin Keelung, mutum 43 cikin 58 suka rasu. Kafin hannunka ya taɓa makashin inji, ka ambaci wanne ne da baki, abokin tuƙinka ya duba ya tabbatar.