Yadda za ka bi ƙaramin kulob na Ingila tun daga Agusta har Mayu, ko kana zaune a Kano

Duk wanda na cewa ni ɗan Marine ne sai ya ɗauka sojan ruwa nake nufi. A majalisarmu har yau tsokanata ake, wai duk kulob ɗin duniya na rasa wanda zan so sai na masu gyaran famfo. To su yi ta yi. Kulob ne a Crosby, can arewa da Liverpool, tun 1894 yake nan, kuma abin da ya ɗaure ni da shi tarihi ne: a 1949 da 'yan ƙwallon Najeriya suka je Ingila karon farko ta jirgin ruwa, su Thunder Balogun, da Marine suka buga wasansu na farko, yawancinsu ko takalmi babu, suka ci 5-2. Filin nan, Rossett Park, har yau a cikinsa ake wasa. Kai ma in za ka zaɓi naka ka nemi wani dalili irin wannan da zai riƙe ka, don wallahi akwai watannin da ba abin da zai riƙe ka sai shi.

Abu na farko ka san a wane hawa kulob ɗinka yake. Firimiya na da kulob 20, sai Championship da League One da League Two kowanne 24, 92 kenan, su ne manya. Duk wanda ke ƙasa da su shi ne namu, 'yan dagaji na asali. Hawa na 5 National League, na 6 an raba shi arewa da kudu, daga na 7 zuwa ƙasa kuma lig-lig ne na yanki irin su Northern Premier da Isthmian da Southern. Marine na hawa na 8 a 2021, ta hau a 2022, ta sake hawa a 2024 zuwa National League North, duka biyun ta wasan cike gurbi. Wannan ya ishe ka, sauran za ka koya a hanya.

Sai maganar lokaci, nan ne mutane ke ruɗewa. Wasa yawanci Asabar ne ƙarfe 3 na rana agogonsu, ko Talata da dare 7:45. Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne, da sun mayar da agogo baya sai ukunsu ta koma huɗunmu har ƙarshen Maris, ka ga ta faɗo daidai la'asar, don haka ka yi sallarka tukun, in ka dawo ba a fi minti goma da take wasa ba. Na Talata kuma ya koma 8:45, an idar da isha'i, ka samu benci a wajen mai shayi ka zauna.

Kar ka wahalar da kanka zuwa gidan kallo, ba za su saka maka ba, ba su da shi ma. Da waya ake bin irin wannan kulob. Ka bi shafinsu na X ka kunna ƙararrawar sanarwa, awa ɗaya kafin wasa za su sa sunayen sha ɗayan farko, sannan wani ɗan sa-kai ya riƙa rubuto abin da ke faruwa, wani lokacin ya yi shiru minti ashirin ka rasa ko an zura mana ne ko sanyi ne ya hana shi cire hannu daga aljihu. Ka haɗa da shafin abokan karawar, su ba sa ɓoye cin da suka yi. Flashscore ko FotMob na kawo sakamako da tebur, in kulob ɗin ya yi ƙasa sosai ka duba Football Web Pages. Kulob da yawa na da 'yan rediyonsu na intanet, ba ya cin data, sai dai turancin Liverpool sai ka kasa kunne sosai, ni sai da na yi watanni kafin na fara gane rabi. Hailait kuma YouTube, bayan kwana ɗaya ko biyu, kyamara ɗaya tal, wani lokacin ƙwallo ta shiga raga kyamarar na kallon wani wajen.

Inda daɗin yake shi ne kofin FA, kuma mu tun Agusta da Satumba muke fara shi lokacin da 'yan Arsenal da Man U ba su ma san an fara ba. Zagayen share fage ne ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsallake ya kai zagayen farko a Nuwamba inda League One da League Two ke shigowa, Firimiya kuma sai zagaye na uku a Janairu. Kowane zagaye akwai kuɗin da ake ba wanda ya ci, ga ƙaramin kulob kuɗin nan shi ne na gyaran fitilu da motar zuwa wasan waje. A kakar 2020/21 Marine ta tsallake zagaye bakwai, ta cire Colchester ta League Two a bugun fenariti, ta cire Havant & Waterlooville da ci ɗaya a ƙarshen ƙarin lokaci wanda wani malamin makaranta ya ci, sai ƙuri'a ta haɗa ta da Tottenham ta Mourinho, a gida. Ranar 10 ga Janairu 2021 aka buga, tazarar gurbi 161 tsakaninsu, korona ta hana 'yan kallo shiga, sai kulob ya sayar da tikitin je-ka-na-yi-ka fam 10 kowanne, mutane suka saya sama da 30,000 alhali sun san ba shiga za su yi ba. An ci mu 5-0, eh na sani, amma ana babu ci wani yaronmu mai koyon aikin famfo ya ɗirka wata ta daki turken sama, ni har yau wannan turken nake ba mutane labari. Don haka duk ranar da za a raba ƙuri'a ka ajiye abin da kake. Akwai kuma FA Trophy, kofin ƙananan kulob irin namu, nata wasan ƙarshen a Wembley ake yi a Mayu.

Disamba zuwa Fabrairu sai haƙuri. Ruwa ya cika fili ko ƙasa ta daskare, da safe lafari ya zo ya tattaka fili ya ce ba wasa. Shekarar da na yi karatu a Liverpool na taɓa hawa jirgin ƙasa zuwa wani wasan waje, na sauka, na tarar da ƙofa a garƙame da 'yar takarda a manne, an ɗage. Ka duba waya kafin ka fita, kai da ke gida ma ka duba kafin ka sa data. Saboda wannan ɗage-ɗagen tebur yana yaudara, za ka ga kuna na 15 hankalinka ya tashi ashe kuna da kwantai huɗu, ka riƙa duba yawan wasan da kowa ya buga ba maki kawai ba.

Kar kuma ka ƙwallafa rai a kan ɗan wasa. Yawancinsu da safe suna wajen aiki, atisaye sau biyu a sati da yamma, wanda ba shi da kwantiragi wani kulob zai iya ba da sanarwar kwana bakwai ya ɗauke shi ana tsakiyar kaka. Wanda ya haskaka dama tafiya zai yi. Jamie Vardy daga Stocksbridge ya fito, ya bi ta Halifax da Fleetwood, Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, shi ne Ahmed Musa ya je ya tarar a 2016 da kofin Firimiya a hannu. (Masu neman ƙananan kulob don buga caca, ba da ku nake ba, ku ji tsoron Allah.)

In Allah ya kai ka Ingila ka je da ƙafarka. Daga tsakiyar Liverpool jirgin Merseyrail za ka hau ka sauka Blundellsands & Crosby, 'yar tafiya ce. Tsayuwa za ka yi a jikin ƙarfe, ɗan wasa na jifa kana jin numfashinsa, koci na masifa kana jin komai. Gefe ɗaya na filin ba wajen 'yan kallo sam, bayan gidajen mutane ne, an manna lambobin gidajen a jikin shinge don in ƙwallo ta faɗa a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ka sa rigar sanyi biyu da safa biyu. Abincin wajen ka tambaya me ke ciki kafin ka saya, ni shayi da soyayyen dankali kawai nake tsayawa. Dattijon da ke kusa da kai zai tambaye ka daga ina, ka ce Najeriya, in ka yi sa'a shi zai fara kawo maka zancen 1949.

Ƙarshen Afrilu ake rufe lig. A hawan da ke ƙasa da National League na ɗaya kaɗai ke hawa kai tsaye, sauran sai cike gurbi, wasa ɗaya ne ba gida da waje, wanda ya fi maki shi ke karɓar baƙi, ka kwana biyu ba ka ci abinci da daɗi ba. Bayan nan kulob ya fitar da sunayen waɗanda ya riƙe da waɗanda ya sallama, ka nemi rabin mutanen da ka haddace ka rasa. Yuni shiru. Yuli a fara wasannin sada zumunta da 'yan gwaji waɗanda ko suna ba a sa musu a takarda, a cikin watan ne kuma jadawalin sabuwar kaka ke fitowa, ni nakan kwafe shi da biro a bayan kalandar shago in gyara lokutan zuwa agogonmu tun kafin Oktoba ta ruɗa ni.