Yadda nake yanka riga da doguwar riga da takardar fatan a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ni dai ba wata babbar tela bace, keke ɗaya gareni, Butterfly mai ƙafa da aka sa min a kayan ɗaki, amma rabon da in kai wa tela kayan sallata har na manta, kuma abinda ya gyara min ɗinki ba sabon keke bane, takarda ce. Fatan ake ce mata, wato siffar rigar ce zaki zana a takarda da awon jikinki ki yanke, duk sanda zakiyi ɗinki sai ki shimfiɗa ta a kan yadi ki bi gefenta da alli.

Yawancinmu yankan kai tsaye muka koya, a ninke atamfa, a ja alli, a zura almakashi, kuma wallahi akwai telolin da idonsu kaɗai ya fi rula. Ni ban kai nan ba, amma na ɗauka na kai. Wata sallah saura kwana shida ƙanwar maigida ta kawo min Holland ɗinta mai hoton tsuntsaye, na ninke na yanka da ƙarfin gwiwa, ramin hannu ya zurma har ana hango rigar mama, sannan da ta juya baya sai ga tsuntsayen duk kansu a ƙasa. Ta daɗe tana kallon madubi sai tace "Anti, su na bayan nan jemagu ne?" Dariya akayi amma ni na biya turmin, da kuɗin adashina. Tun ranar almakashina bai ƙara taɓa kayan mutane ba sai na gwada a takarda.

Kayan aikin ba wasu masu tsada bane. Takarda mai faɗi, irin ruwan ƙasan nan da masu sayar da littattafai ke sayarwa, in babu ki samu buhun siminti na takarda ki ɓare ki kakkaɓe ki goge da dutsen guga, ko tsohuwar jarida ki haɗa da salatif. Sai fensir, doguwar rula, tef na awo, da almakashi na takarda daban, dan Allah kar ki yanka takarda da almakashin yadi, dakushewa yake. Lanƙwasar wuya kuwa ni da faranti nake fitarwa har yau.

Awo shine wajen da ake faɗuwa tun ba'a fara ba. Kar ki auna kanki da kanki, ki samu wata ta auna ki, ki saka rigar maman da zaki saka da kayan, ki tsaya yadda kike tsayawa kullum banda shanye ciki, don ranar biki ba zaki wuni kina riƙe numfashi ba. Ki ɗaura zare ko siririn ƙyalle a ƙugu ya zauna inda jiki yake lanƙwasa, daga nan ake auna tsayi. Za'a ɗauki faɗin kafaɗa, zagayen ƙirji, ƙugu da kwankwaso, daga kafaɗa zuwa kan mama, tazarar da ke tsakanin kan mama biyu, daga kafaɗa zuwa ƙugu ta gaba sannan ta baya, tsawon hannu da zagayen damtse, da tsawon rigar. Awon gaba da na baya ɗin nan da yawa basa raba su, shi yasa zakiga riga ta ɗage a gaba ta tattare a baya.

Bari inyi misali da awo ɗaya don lissafin ya fito. Ace ƙirji inci 38, ƙugu 32, kwankwaso 42, kafaɗa 15, zuwa kan mama 10, tazara 8, gaba zuwa ƙugu 17, baya 15 da rabi. Atamfa bata miƙewa, don haka kowane zagaye ki ƙara masa inci 2 na walwala sannan ki raba huɗu, tunda rabin gaba zaki zana da rabin baya. Ƙirji ya zama 10, ƙugu 8 da rabi, kwankwaso 11. Kafaɗa kuma biyu ake raba ta, 7 da rabi kenan.

Ki ɗauki gefen takardar da yake a miƙe a matsayin tsakiyar gaba. Daga sama ki auna 7 da rabi zuwa gefe ki sa ɗigo, ki sauko da ɗigon inci 1 saboda kafaɗar mutum a gangare take. Faɗin wuya 3, zurfinsa 3 a gaba 1 a baya, wannan na tushe ne, daga baya kya buɗe shi yadda kike so. Ki ja layi daga bakin wuya zuwa ɗigon kafaɗa. Zurfin ramin hannu ni yadda nakeyi shine in raba ƙirji shida in ƙara 1 da rabi, a nan ya kama kusan 8, ki sauko da shi daga ɗigon kafaɗa, ki ja layi a kwance ki auna 10 ɗin ƙirji a kansa. Sai ki zana lanƙwasar ramin, na gaba ki shigar da shi ciki kamar rabin inci ko fiye kaɗan a tsakiya, na baya kuma kaɗan kawai, don hannu gaba yake miƙawa, baya na buƙatar wuri. Layin ƙugu a 17, layin kwankwaso inci 8 ƙasa da shi.

Yanzu dat, ɗan tsinin nan da ake ɗinkewa don yadi ya bi siffar jiki. Ki raba tazarar 8 biyu, ki auna 4 daga tsakiya ki ja layi a tsaye. Dat ɗin ya fara inci 1 ƙasa da kan mama, a ƙugu ya buɗe rabin inci kowane gefe, ya je ya ƙare kamar inci 5 ko 6 ƙasa da ƙugu. Tunda zai cinye inci 1 sai ki mayar wa ƙugu, 8 da rabi ya koma 9 da rabi. Sai kuma inci 1 da rabin nan da gaba ya fi baya, shi ake naɗewa a gefe ƙasan hammata ya zama dat na ƙirji, bakinsa ya nufi kan mama amma ya tsaya saura inci 1. In kika kai shi har kan sai rigar ta yi wani tsini kamar an cusa mazurari, kin san irin wadda nake nufi, duk mun taɓa gani a gidan biki munyi shiru.

Bayan ma haka zaki zana da nasa tsayin, da dat ɗin ƙugu kaɗai, ki bar inci 1 a tsakiya na zif. Hannu shi ne mai gardama. Ki tsayar da tef a kan gefensa ki bi ramin gaba da na baya ki haɗa, to lanƙwasar kan hannun ta fi wannan da kamar inci 1, kada ta wuce haka sai in tattara kike so. Gefen gaba na hannun ya fi na baya shiga ciki, ki sa alama ɗaya a gaba biyu a baya, da wata a ƙololuwa inda zai haɗu da ɗinkin kafaɗa.

Rarar ɗinki, wato ɗan abinda ake ƙarawa a gefen fatan don wajen da keke zai bi, rabin inci ce a wuya, kafaɗa da ramin hannu, amma a gefe ni inci 1 da rabi nake bari, jikin mace yau da gobe ne, ga ciki ga jego. Ki rubuta a jikin kowace takarda ko gaba ce ko baya, ta waye, yaushe aka auna, ko da rara a ciki ko babu, da wajen da za'a ɗora a kan ninki. Bayan wata uku wallahi ba zaki tuna ba.

To kafin ki taɓa atamfa, ki yanka a tsohon zanin gado ko yadi mai arha, ki haɗa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa, ki saka. Kar ki tsaya a madubi kawai, ki zauna, ki ɗaga hannu, ki sunkuya kamar zakiyi shara, ki gwada goya yaro. In kinga layuka sun ja a kwance to wajen ya matse, in yadi ya yi ninki a tsaye ya yi yawa, in wuya ya buɗe baki ki tsunkule rarar ki sa fil, ki auna abinda kika tsunkule ki je ki cire shi a takarda. Gyaran a takarda ake yinsa, in a jikin rigar gwaji kika barshi gobe kuskuren zai dawo. Nawa sai da nayi gwaji uku kafin ya zauna.

Masu sauko da fatan daga intanet kuma, ba laifi, Turawa sun daɗe a harkar, tun 1863 Butterick ya fara sayar da fatan takarda mai girma daban daban a Amurka. Sai dai in kin je wajen masu firinta ki ce a fitar a 100 cikin 100 ba tare da an rage ba, akwai ɗan murabba'in gwaji a shafi ɗaya, ki auna shi da tef a gabansu kafin su fitar da sauran. Kar ki bi lambar saiz, ki bi awon da aka rubuta. Na manyan kamfanonin Amurka yawanci da rarar 5/8 na inci a ciki, na mujallar Burda ta Jamus kuma babu, ke zaki ƙara. Kuma an zana su ne a kan mai matsakaicin ƙirji, ga wuya a buɗe ga tsayi gajere, sai kin gyara, shi yasa ni nafi son nawa.

Ranar yanka, ki fara ɗora dutsen guga ta bayan takardar nan da ake mannawa a jikin atamfa, in gam ɗin ya ji zafi zata ɗago salin alin, in kika fizga a sanyi tabo zata bari. Ki goge turmin duka. Turmi yadi 6 ne, faɗinsa inci 45 ko 46, kuma wannan lissafin yana da amfani, doguwar riga mai tsayin 57 ba zata fita a faɗin ba, dole ki bi tsawon turmin, a nan kuma zanen yakan kwanta ta gefe. In zanen mai kai da ƙafa ne gara kiyi mai haɗi a ƙugu, saman daban, siket ɗin mai inci 40 ko 41 ya fita a faɗi. Ki jera duka takardun kafin ki yanka ko ɗaya, ki duba inda babbar fulawa zata faɗo, kar ta zauna daidai kan mama ko mazaunai. Ni gwangwanin tumatir nake dannewa da shi. In a falle ɗaya kike yanka hannu ki kifa takardar a na biyun, in ba haka ba hannun dama biyu zaki samu.

Daga wannan fatan ɗin kusan komai ke fita. Ki tsaya a kwankwaso ya zama rigar zani, ki zarce da layin ƙasa ya zama doguwar riga miƙaƙƙiya ki bar tsaga a baya, ki buɗe ƙasan ta zama mai faɗin ƙasa. In feflom kike so, wato ƙasan rigar nan mai bazuwa da ake haɗawa daga ƙugu, ki yanke a ƙugu, ki raba awon ƙugu da 6.28, na 32 zai baki kusan 5, ki ninke yadi huɗu ki auna 5 daga kusurwa ki zagaya, sannan ki auna tsawon feflom ɗin daga nan.

Haɗawa kam kin riga kin sani, dat farko, kafaɗa, wuya da lainin ko ƙyallen da kika manna wa gam, zif, gefe, hannu, kalmasa a ƙarshe. Allura lamba 14 ga atamfa, 11 ga yadi mara nauyi. Ki tsattsaga rarar wuya da bakin almakashi kafin ki juya, kuma kowane ɗinki ki goge shi kafin ki hau na gaba, ko da na gawayi ne in babu wuta.

Fatan da ya zauna miki ki kwafe shi a kwali, ki huda ki zura igiya ki rataye a ƙusa can sama. Na farkon da nayi a ƙarƙashin katifa na ajiye, ranar da na nemi bayan rigar sai a hannun autana na ganshi a ƙofar gida, an naɗo masa ƙosai a ciki, ga mai ya jiƙa wajen dat ɗin.