Yadda ɗan karkara zai riƙe kansa idan ya tafi karatu ƙasar waje

Tun daga ɗalibai 501 da gwamnatin Kano ta tura ƙaro karatu a 2012, zuwa shirin 1,001 da aka soma a 2023, da 'yan Jigawa masu karatun likita a Saifurus da Indiya, yaran karkara da yawa sun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Ana haɗa musu guzuri da addu'a, amma ba a cika gaya musu cewa kaɗaici ya fi karatun wuya ba. Wanda ya girma a ƙauyen Gaya ko na Ringim bai san cin tuwo shi kaɗai ba. Ga zaure, ga majalisa, ga masallaci a ƙofar gida. Can kuwa ɗaki ne, kowa ya rufe ƙofarsa.

Shirin farko tun kana gida ake yin sa. Ka zauna kusa da Inna ka koyi tuƙa tuwo da kaɗa miya, kada kunyar "namiji a madafi" ta hana ka. Ka ɗaure kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Kilishi kuwa ka bincika tukuna, domin Ingila ba ta yarda a shigar da nama daga Najeriya ba, a filin jirgi za a ƙwace. A jihohin Indiya da dama an hana yanka saniya, naman ɓauna da na akuya da kaza za ka tarar.

Na biyu, ka san cewa zumuɗi yana ƙarewa. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya bayyana wannan tun 1960: da farko komai yana burge baƙo, daga baya komai ya riƙa ba shi haushi, sannan a hankali ya saba. Idan ranar ta zo, ka ji abincinsu ba gishiri, ka gaida mutum ya wuce ko waiwaye babu, kada ka ɗauka tafiyar ce ba ta karɓe ka ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ka yi tambaya. Malamin da ya ce ka kira shi da sunansa, ko ka dube shi ido cikin ido, ba gwada tarbiyyarka yake yi ba, haka suke.

Sai ka nemi majalisa, domin can ba ta zuwa da kanta. A makon farko ka gano masallacin Juma'a, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta 'yan Najeriya. Amma kada ku dunƙule ku 'yan gida zalla kuna hirar siyasar Kano har gari ya waye. Ka samu aboki ko ɗaya ɗan ƙasar, shi zai nuna maka kasuwa mai sauƙi da motar da ake hawa. Ke ma ɗiyata, ki nemi wata babba a cikin matan da suka riga ki zuwa, ki riƙe ta yaya.

Waya da gida a sa mata lokaci. Indiya tana gaban Najeriya da awa huɗu da rabi, Malesiya da Sin da awa bakwai. Idan ka jira sai Baba ya dawo daga sallar isha'i ya hau tudun da ake samun sabis, kai kana tsakiyar dare, gobe ka shiga aji da jan ido. Ku tsayar da rana guda, Juma'a ko Lahadi, sauran kwanaki saƙon murya ya wadatar. Maganar kuɗi kuma ka faɗe ta ƙarara. Dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, alawus kuma yakan makara. Duk wanda ya turo yana neman kuɗin taki, ka gaya masa ɗalibi ne kai, ba ɗan ci-rani ba.

Jiki ma yana da hakki. A Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, duhun nan kuma yana kashe jiki. Ka fita ka taka da rana ko ana sanyi. Hukumar lafiyar Ingila tana ba da shawarar shan bitamin D a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma duk shekara.

Inda na fi so a tsaya shi ne nan. Kewar gida daban, ciwon damuwa daban. Idan ƙunci ya kai mako biyu bai sake ka ba, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ka daina zuwa aji, to ya wuce kewa. Yaranmu suna ɓoyewa ne saboda gari duk ya rako su tasha, suna jin nauyin a ce an sayar da gona ko shanu, shi kuma yana can yana kuka. A gida kuwa da an ji, sai a ce iska ce ko jifa. Ka yi addu'arka da azkar ɗinka, sannan ka tafi asibitin makaranta ko ofishin masu ba ɗalibai shawara. Galibi kyauta ne, kuma sirrinka ba ya fita. Idan har tunanin kashe kai ya ɗarsu, kada ka kwana da shi kai kaɗai: ka buga wa abokinka ƙofa a daren. Akwai kuma layukan waya na masu sauraron wanda ke cikin damuwa: a Ingila ana kiran Samaritans a 116 123, a Indiya kuma Tele-MANAS a 14416, dare da rana.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya ce "Baba, ba na jin daɗi", kada amsar ta tsaya a "yi haƙuri, kai namiji ne". Ku tambaye shi me ya ci yau, da wa ya yi hira, ya samu barci kuwa. Ku karɓi lambar abokin zamansa ɗaya ku ajiye, saboda ranar da wayarsa za ta yi shiru.