Yadda za ka zagaya Beemster a kan keke

Duk baƙon da ya sauka wurina a Holan ya ce yana son ganin ƙauye, Beemster nake kai shi, kuma a kan keke. In a mota ka bi, fili da shanu kawai za ka gani ka wuce. Alhali wannan filin da shanun ke kiwo a kai ƙasan tafki ne, kuma har gobe yana ƙasa da teku da kusan mita 3.5.

Attajiran Amstadam ne suka haɗa kuɗi a 1607 don a busar da tafkin a yi noma. Aka kewaye shi da ganuwar ƙasa, aka haƙa magudana a bayanta, aka kafa injinan iska sama da 40 suna kwashe ruwan dare da rana. A 1610 guguwa ta fasa ganuwar teku, ruwa ya dawo ya cika wurin, aka koma aka sake. Sai a 1612 ƙasa ta fito. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Daga garin Purmerend za ka fara. Jirgin ƙasan da ke bi ta Zaandam zuwa Hoorn yana tsayawa a can. Keke yana da tikitinsa daban, kuma a ranakun aiki ba a shiga jirgi da shi lokacin cunkoso, wato 6:30 zuwa 9:00 na safe da 4:00 zuwa 6:30 na yamma, sai a Yuli da Agusta. Mai ƙarfi a jika yana iya tasowa tun daga Amstadam: jirgin fito na bayan babbar tasha kyauta ne, in ka haye sai ka bi gefen magudanar Noordhollandsch har Purmerend. Ni dai ba na ba sabon zuwa wannan shawarar, don zagayen kansa ya kai kilomita 30 zuwa 35.

In keken haya ne, tun a ƙofar shago ka gwada birki. Da yawa daga kekunan Holan ba su da birki a hannu, feda ake takawa baya. Ka yi ta gwadawa har ƙafarka ta saba, ka sa a daidaita maka sirdi, ka duba fitila da makulli.

Hanya ba ta da wuyar ganewa. Mahaɗun hanyar keke suna da lambobi, kuma za ka riƙa ganin ƙananan alluna fari da kore, da lamba cikin da'ira da kibiya. Ka jera lambobinka a takarda ka liƙa a kan keken, domin tun Yulin 2019 riƙe waya a hannu kana tuƙa keke laifi ne mai tara. Inda ka ga an zana fararen haƙora a kan kwalta tsininsu na kallonka, kai ne za ka tsaya. Inda babu wata alama, na hannun damanka ne zai fara wucewa. Kuma ka sani da taraktoci za ku raba titi.

Daga Purmerend ka nufi ƙauyen Middenbeemster. Titunan miƙaƙƙu ne tamkar an ja da zare, itatuwa jere hagu da dama, kuma duk bayan kusan kilomita 2 wani titin ya gitta. Ka lura da gidajen manoma masu rufin dala: ciyawar dabbobi ake tarawa a tsakiya, iyali da shanu duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Middenbeemster ka sayi cukun wurin da burodi. Ka taho da ruwanka da ƙaramar sallaya, don kada ka sa ran masallaci a ƙauyukan nan.

Daga nan ka bi titin Rijperweg yamma. A ƙarshensa hanya za ta ɗan hau tudu, to ganuwar ke nan, kuma saboda ita muka zo. Ka sauka daga keke ka tsaya a kai, yadda ake tsayawa kan badala a leƙa ciki da waje. A gefe ɗaya ruwa ne cike da magudana dab da ƙafarka, wani lokaci har da ƙaramin jirgi yana wucewa. A ɗaya gefen, can ƙasa, ga gonaki, ga tumaki, ga gidaje da mutane a ciki suna harkarsu, ruwan yana bisa su. Duk ruwan saman da ya zuba a filin nan sai an ɗaga shi da inji an juye a magudanar, kuma haka ake yi ba fashi tun shekaru 400 da suka wuce. Kada ka yi gaggawar barin wurin.

Tsallaken magudanar garin De Rijp ne, mahaifar Leeghwater, gwanin injinan iska da ya yi aiki a busar da Beemster. Shi ya zana ginin majalisar garin na 1630, yana nan tsaye. Lungunan matsattsu ne, gara ka tura keken da hannu.

Sai ka yi arewa zuwa ƙauyen Schermerhorn. A cikin Beemster injinan da suka kwashe ruwan ba su nan, tun ƙarni na 19 injin tururi ya karɓi aikinsu. Amma makwabciyarta Schermer, wadda aka busar a 1635, ta adana 11 cikin nata, kuma ɗaya an mai da shi gidan kallo. Ka shiga. In akwai iska za ka ji ginin duka yana ƙara, ka ga wani ƙaton dunƙulen katako mai murɗe yana juyawa yana hawo da ruwa. Inji ɗaya ba ya iya ɗaga ruwan har sama, shi ya sa ake jera su, wannan ya miƙa wa wancan.

Tudu babu, iska ce abokiyar gaba, kuma galibi daga kudu maso yamma take busowa. Ka duba hasashen yanayi da safe, in ta yi ƙarfi ka juya zagayen yadda za ta kasance a bayanka wajen dawowa. Afrilu zuwa Satumba ya fi daɗi, amma ko a lokacin rigar ruwa ba ta barin jakata. Daga Schermerhorn ka sake ratsa Beemster zuwa Purmerend, kuma in ranar aiki ce ka yi lissafi ka kama jirgin da zai sauke ka kafin ƙarfe 4:00, in ba haka ba sai bayan 6:30.